Mudun Masara da Injin Surukina

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ina jin ranar da na kusa kashe injin surukina ce za ta rage ta ƙarshe. Shekaru sun ja, mai injin ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa, amma har gobe in na ji warin baƙin mai ya haɗu da ƙamshin sabuwar masara, sai in ga kaina tsaye a wannan shago na bakin kasuwa a Birnin Gwari, gumi yana bin bayana.

Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, kuma tun ina yaro Allah Ya jarrabe ni da kwance-kwance. Rediyo, fanka, agogon bango, babu wanda ya tsira daga hannuna. Matata takan ce duk abin da ya shigo gidanmu da ƙafarsa, a leda yake fita. Ba ta yi ƙarya ba, sai dai takan manta da waɗanda na gyara.

Mahaifinta, wanda kowa a garin ke kira Baba, shi ne gwani na ainihi. Ya yi shekaru a sashen gyara na wata masaƙa a Kaduna, da ta rufe sai ya dawo gida da wani tsohon injin sassaƙar ƙarfe. Injin yana da tebur da ake ɗaure ƙarfe a kai, da haƙori mai juyawa da ke cin ƙarfen, da 'yan sitiyari uku da ake murzawa da hannu: ɗaya ya kai teburin hagu da dama, ɗaya gaba da baya, ɗaya sama da ƙasa. Da wannan injin Baba ya riƙe rabin ƙauyukan yankin. Daga Randagi, daga Damari, har daga can cikin daji, mutane kan ɗauro ɓangarorin injin niƙa da injin casar masara da na ban ruwa a bayan babur su kawo masa. A wancan lokacin mutum kan ratsa dajin da hantsi ba tare da ya waiga ba. Masu zuma kan tsaya a ƙofar shagon su huta, matan Fulani su sauke ƙwarya a gindin ɗorawar da ke gefe, ana ciniki ana raha, injin Baba yana ta gurnaninsa a ciki. Ina kewar wannan ƙarar, wallahi.

Ni da Baba kuwa, shekara goma sha biyu ina auren 'yarsa, amma maganarmu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. In na zo sai in cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa a bakin ƙofa, idona a ƙasa. Shi kuma ya kawar da kai ya amsa, ya ce, “Malam, ya makaranta?” Bai taɓa kama sunana ba, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Duk abin da ke tsakaninmu ta bakin matata yake bi. Haka muka taso muka ga ana surukuta, kuma ba na jin haushin hakan ko yanzu.

Sai hannun Baba ya fara rawa. Da farko kaɗan-kaɗan, in ya ɗauki kofin shayi. Daga baya ya kai ga sitiyarin injin. Aikin da yake buƙatar a murza kamar kaurin gashi, hannu ya fizge ya wuce. Ya ɓata aikin mutane biyu a wata guda, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. Babban ɗansa, yayan matata, wanda ke zaune a Kaduna, ya zo ya yanke hukunci: da zarar an gama kaka zai dawo da 'yan gwangwan su auna injin su ɗauke, shi kuma ya tafi da Baba can ya huta. Ba mugunta ba ce, tausayi ne irin na ɗa. Amma matata ta dawo gida ranar idonta jawur.

“Malam,” ta ce, “in aka raba Baba da injin nan, an raba shi da ransa. Ba zai yi shekara a ɗakin Yaya ba.”

To ni dama na daɗe ina kallon bidiyo a waya, inda masu sha'awa irina ke ɗaukar tsohon inji irin na Baba su maƙala wa kowane sitiyari moto, su haɗa da kwamfuta, ita ta riƙa murzawa a madadin hannu. Moton ba irin na fanka ba ne mai juyawa sakaka. Taku-taku yake tafiya, taku ɗari biyu kafin ya zagayo sau ɗaya, kwamfuta tana ƙirga masa. Na ce a raina, ai ga maganin rawar hannu. Sanin aikin yana kan Baba, murzawar kawai za a ɗauke masa. Na tura matata ta nemo mini izini. Amsar da ta kawo gajera ce: “Ya ce injin ai na Malam ne, ya yi yadda ya ga dama.”

Nan aka zo wurin da na yi wautar. Motocin nan girma-girma ne. Akwai ƙarami, akwai matsakaici kamar gwangwanin madara, akwai ƙato da sai an sa hannu biyu. Duk inda na karanta, magana ɗaya ce: kafin ka zaɓa, auna ƙarfin da sitiyarin yake buƙata kafin ya juya, sannan ka ɗan ƙara a kai. Ni da nake koya wa ɗalibai wannan lissafin a allo, ban auna ba. Dalili biyu ne, kuma dukansu ba na kimiyya ba ne. Na farko, aunawar tana nufin in tsaya kafaɗa da kafaɗa da surukina ina yi masa tambayoyi, ina ne ya fi tauri, ina ne ya fi laushi, ni kuwa kunya ba za ta bar ni ba. Na biyu, kuma shi ne babba, abin da za a kai gidan surukai ba a zaɓar ƙarami. In buhu ne mai cika, in rago ne mai ƙaho. Ta yaya zan shiga shagon Baba da abu kamar gwangwanin madara, 'yan kasuwa suna kallo, a ce wannan ne abin da mijin 'yarsa ya kawo? Sai na aika Kaduna aka sayo mini ƙatta guda uku.

Ranar da na kai su, Baba ya ɗaga ɗaya, ya jinjina shi, ya murza bakinsa da yatsu ya ji yadda yake cijewa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ajiye a hankali ya ce, “Masha Allah. Yana da ƙarfi.” Ni kuwa kaina ya kumbura, na ɗauka yabo ne.

Da yamma matata ta kawo saƙo. “Baba ya ce in tambaye ka, wai shi moton nan, in abu ya tokare shi yana ji?”

Na yi dariya. “Ki ce masa wannan ba ya gajiya, ba ya jin komai.”

“Ya kuma ce in gaya maka teburin ya cinye ya yi laushi a tsakiya, amma baki-baki yana da tauri.”

“Ai shi ya sa na sayo manya.”

Ta dube ni irin kallon da mata ke yi wa miji in sun ga ya nufi rami da gudu. “Ni dai na isar,” ta ce, ta koma kan tuwonta.

Mako biyu na yi ina haɗawa, kullum bayan an tashi makaranta. Kowane moto na haɗa shi da doguwar sandar da ke jan teburin, na zura ƙusa ta ratsa mahaɗar don kada ya zame. Ƙusoshin ma sai da na zaɓo na baƙin ƙarfe mai tauri a wurin masu kayan babur, don komai nawa na ƙarfi ne. Baba yakan bar mini cikin shagon ya koma benci a waje, ya ɗan juya mini baya, rediyonsa a gefe, yana goge wani ɗan abu da magagari. Na sha jin ƙarar magagarin tana tsayawa tana ci gaba, amma ban taɓa kula da abin da yake gogewa ba.

A gwajin farko na ga alama, na ƙi karanta ta. In na sa teburin ya tafi a hankali, lafiya lau. In na ce ya yi sauri, sai moton ya yi wani irin kuka ya cije wuri ɗaya. Daga baya na fahimci cewa ƙaton moto kamar bijimin noma yake, ƙarfinsa a tafiyar hankali yake, kuma kafin ya yi gudu sai an ba shi wutar da ta fi wadda na tanada. A lokacin dai rage saurin na yi kaɗan, na ce ya gyaru.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, ana tsakiyar kaka. Yaya ya iso daga Kaduna da safe don ya ga abin da ake ta ba shi labari. Aka kuma yi sa'a, ko rashin sa'a, wani manomi Bagwari daga Randagi, tsohon abokin cinikin Baba, ya iso da sandar injin casarsa ɗaure a babur, da ƙaton ƙullin masara na tsaraba. Sabuwar sanda ce, tsaga kawai take buƙata a kusa da ƙarshenta inda fuli, wato faifan da bel ke juyawa a kai, zai zauna.

“Baba, masara tana can jibge a gona,” ya ce. “In ban koma da wannan yau ba, gara da ɓeraye sun samu biki.”

Baba ya nuna ni da haɓa. “Yau Malam ne da aikin.”

Kafin in gama ɗaure sandar, ƙofar shago ta cika. Masu zuma, masu babur, har da wani tsohon Bafulatani da ya jingina da sandarsa yana jiran ya ga injin da ke aiki ba hannu. Ganin jama'a da ganin Yaya ya harɗe hannu a ƙirji, sai shaiɗan ya raɗa mini cewa tafiyar hawainiya ba za ta burge kowa ba. Na mayar da saurin inda yake da.

Na danna madannin kwamfuta. Teburin ya zabura, jama'a suka ce “Kai!” Moton ya yi ɗan kukan nan nasa na ƙiftawar ido, ya cije, sannan ya ci gaba. Wannan ƙiftawar idon ita ce masifar. Kwamfuta takun da ta umarta take ƙirgawa, ba wanda aka taka ba. Moton ya zubar da taku masu yawa, ita ba ta sani ba, don haka inda take zaton teburin yake daban, inda yake daban. Da ta juyo da shi a hankali don a fara yanka, sai na ga ya wuce inda na yi alama, yana ta tafiya zuwa bakin iyakarsa.

“Malam,” in ji Baba daga bayana, da wata murya da ban taɓa ji ba.

Kafin hannuna ya kai ga makashin, teburin ya daki iyaka. A tafiyar hankali kuwa bijimin nawa yana da cikakken ƙarfinsa, bai ji komai ba, kamar yadda na yi alfahari. Aka ji ƙas! Teburin ya tsaya cik, moton ya ci gaba da juyawa shi kaɗai.

Na san abin da ke ƙarƙashin teburin nan: wani notin tagulla da sandar ke bi ta cikinsa, wanda ya girme ni, wanda ba a sayar da irinsa ko a Kaduna. Ƙusata ta baƙin ƙarfe ba za ta karye ba, to me ya rage ya karye in ba shi ba? In ya tafi, injin ya zama na 'yan gwangwan da gaske, kuma da hannuna na miƙa musu.

“To, shi ke nan,” Yaya ya ce a hankali. “Dama na faɗa. An huta.”

“Baba, masarata fa?” in ji manomin.

Baba ya matso wurin injin. Ya zagaya ɗaya gefen teburin inda na bar tsohon sitiyarin, ya dafa shi ya murza baya. Teburin ya biyo shi sumul, ba ƙara, ba cijewa. Ya sunkuya a mahaɗar moton, ya zunguro wani abu ya tara a tafinsa.

“Ƙusa ce kawai ta karye,” ya ce.

Na leƙa. Gutsure biyu ne na wata farar ƙusa mai laushi, ta dalma irin ta tukunya. Ba tawa ba ce. Na ɗaga kai na dubi surukina ido cikin ido, karo na farko a shekara goma sha biyu. Shi ne ya kawar da kai.

Ya ce a miƙo masa bokiti da igiya. Ya cire mahaɗar moton, ya naɗa igiyar a gefen sitiyarin, ya rataya bokitin yana lilo. Ya ari mudu a wurin mai awo na maƙwabta, ya kwance tsarabar manomin. Ba ni ya yi wa magana ba, manomin ya ce wa, “Zuba.” Aka kawo teburin tsakiya. Mudu ɗaya, shiru. Da aka ƙara rabi sai bokitin ya fara sauka, sitiyarin ya juya. Aka kai teburin baki inda yake da tauri, aka sake. Sai da aka zuba mudu uku. Jama'a suna ta ƙirgawa da baki kamar ana rabon gado.

Sannan ya juyo gefena, idonsa a kan bokitin. “Malam, kai ne mai lissafi. Moton naka mudu nawa yake ɗagawa?”

Na ɗauki alli na yi lissafin a jikin ƙofa. “Wajen goma sha huɗu, Baba.”

Tsohon Bafulatanin nan ya yi dariya har da buga sanda. Baba bai yi ba.

“Uku yake nema,” ya ce. “Ka ninka masa, saboda ranar da ƙarfe zai yi taurin kai. Shida ya isa. Hannun nan da kake gani, Malam, ba ƙarfinsa ne ya riƙe injin nan shekara talatin ba. Ji yake yi. In ya ji tauri sai ya tsaya. Ka samo wanda in ya ji tauri zai tsaya.”

Aikin manomin da hannu muka yi shi a ranar. Ni na riƙe sitiyarin tunda nawa hannun ba ya rawa, Baba ya ɗora tafinsa a kan teburin yana jin motsin ƙarfen, yana cewa, “Ci gaba. Dakata. Kaɗan. Ya isa.” Kafaɗata tana gogar tasa. Kafin la'asar manomin ya ɗaure sandarsa ya kama hanyar Randagi, ya bar mana masarar a bokiti. Yaya ya daɗe tsaye yana kallonmu, sannan ya ce zai dawo bayan wata guda ya gani.

A gida ne matata ta ba ni sauran labarin. Kunnen tsohuwar tukunyar marigayiya mahaifiyarta Baba ya yanke. Kwana huɗu ya yi yana goge ƙusoshi uku da wannan hannun nasa mai rawa, aikin da a da ba zai ɗauke shi rabin sa'a ba, yana yi suna ɓaci yana sakewa. Ya bari sai da na tafi makaranta ya zare nawa ya zura nasa, don in ƙarfi ya yi yawa su su karye, injin ya tsira, ni ma in tsira daga kunyar duniya.

“Me ya hana shi gaya mini kawai?” na ce.

“Ya gaya maka mana, ta bakina,” ta ce. “Kai me ya hana ka tambaye shi?”

Na tashi na fita tsakar gida don kada ta ga idona.

Matsakaitan motoci biyu suka iso bayan mako biyu, masu kamar gwangwanin madara ɗin nan da na raina. Suka yi gudu ba kuka, ba zubar da taku, kuma in suka tokari abu sai su tsaya su yi ƙara, ba su fasa komai ba. Na sama da ƙasa kuwa, da muka auna shi da bokiti sai da masarar ta kusa ƙarewa, don shi yake ɗaukar nauyin teburin gaba ɗaya. Baba ya ce a bar masa ƙato ɗaya a nan. Har yau ina zargin rabin dalilin don ya rufa mini asiri ne. Ɗaya daga cikin sauran biyun shi ke tokare ƙofar shagon in ana iska, kuma bai taɓa gazawa a wannan aikin ba.

Yaya ya dawo ya tarar da Baba zaune gaban kwamfuta da tabarau, yana danna madannai da yatsa ɗaya, injin yana cin ƙarfe. Bai sake ta da zancen 'yan gwangwan ba. Baba ya ƙara shekara huɗu a shagonsa. A cikinsu na koyi abin da ban koya ba a duk karatuna, don daga ranar na fara tambaya, shi kuma ya fara amsawa. Bai fasa kirana Malam ba, ban fasa durƙusawa ba, har ya rasu ban ci abinci a gabansa ba. A garinsu ya cika, a ɗakinsa, da baƙin mai a ƙarƙashin farcensa.

Yanzu hanyoyin dajin ba kamar da ba, masu zuwa daga ƙauyuka sun ragu, matan Fulani ba sa sauke ƙwarya a gindin ɗorawar. Injin dai yana nan, ni nake kunna shi ranar Asabar. Gutsuren farar ƙusar yana cikin aljihun jakar makarantata, kuma duk shekara in na zo darasin auna ƙarfi, da bokiti da igiya da mudu nake shiga aji.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, alheri ma aunawa ake yi. Na so in girmama surukina da girman abin da na kawo, alhali girmamawar da ta dace da shi ita ce in durƙusa in ce, “Baba, yaya nauyinsa yake a hannunka?” Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Amma tawa kunyar ta hana ni tambaya ɗaya, tasa kuwa ta sa shi kwana huɗu yana goge ƙusa da hannu mai rawa don kada in ji kunya a gaban mutane. Tun daga ranar na san wacce ce ta gaskiya a cikin biyun.